Tasirin Kafofin Watsa Labarai a Kan Katin Shaidar Ɗan Ƙasa

Gwamnati ce ke kafa dokar katin shaidar ɗan ƙasa, amma sau da yawa abin da jaridu da gidajen rediyo da talabijin suka yi ta nanatawa shi ke sa a gyara yadda ake aiwatar da ita. A shekarar 1972 wasu masana biyu na Amurka, McCombs da Shaw, sun nuna cewa batun da kafofin labarai suka fi ambatawa shi jama'a ke ɗauka da muhimmanci. Shugabanni kuwa ba sa son hayaniyar jama'a. Bari mu duba misalai biyu daga ƙasashe masu tasowa.

Na farko, ƙasar Indiya, inda ake bai wa mazauna ƙasar lambar shaida mai alƙaluma 12 da ake kira Aadhaar. A watan Janairun 2018 jaridar The Tribune ta ba da rahoton cewa da rufi 500 kacal ana iya samun hanyar leƙa bayanan mutane. Hukumar ta musanta, har ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Duk da haka, cikin wannan watan ta sanar da wata lambar wucin gadi mai alƙaluma 16, wadda mutum zai bayar maimakon ta ainihi.

Na biyu, Nijeriya. A watan Disambar 2020 gwamnati ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN mai alƙaluma 11. Nan da nan hotunan cincirindon mutane a ofisoshin hukumar NIMC suka cika jaridu da talabijin, alhali ana fama da annobar korona. Gani ya kori ji. Kukan da aka yayata yana daga cikin dalilan da suka sa aka yi ta ƙara wa'adi, har zuwa Afrilun 2022 da aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira.

Abin lura shi ne, a ƙasashen biyu ba a soke shirin ba. Gyara aka yi masa daidai inda aka fi haskawa. Wahalar da ba ta shiga labarai ba kuwa, kamar ta ɗan ƙauye mai nisa da wurin rajista, takan daɗe ba a waiwaye ta ba.

Aikin aji: ɗalibai su saurari labaran rediyo na mako guda, su rubuta duk abin da aka faɗa game da katin. Wa aka ji muryarsa? Wa aka bari a baya?