Taswira a Matsayin Matani: Nazarin Kwaskwarimar da Masu Sha'awa Ke Yi wa Tsofaffin Wasannin Bidiyo na Laluben Hanya

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci kwaskwarimar da masu sha'awa ke yi wa tsofaffin wasannin bidiyo na laluben hanya, inda ta ɗauki Super Metroid (1994) da The Legend of Zelda: A Link to the Past (1991) na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan a matsayin misali. Manufarta ita ce gano abin da ake sauyawa a cikin wasannin, da dalilin sauyin, da matsayin sabon aikin a idon nazarin adabi. An ɗora nazarin a kan ra'in baddala. An gano cewa taswira da jerin buɗewarta su ne ainihin matanin irin wannan wasa, kuma mai kwaskwarima yana ƙoƙarin dawo wa ɗan wasa da rashin sanin hanya, wanda ke ɓacewa da zarar an kammala wasan sau ɗaya. An kuma gano cewa aikin ya fi kusa da tahmisi a kan sauran nau'o'in baddala da aka saba nazarta a fagen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna bibiyar yadda wani matani ke haifar da wani. An yi rubuce-rubuce a kan yadda Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya sanya musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin baddala finafinan Indiya a masana'antar fim ta Kano. A duk waɗannan, abin da ake baddalawa labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe. Tambayar da wannan muƙala ta tayar ita ce: me ake baddalawa idan aikin asali ba shi da wata doguwar magana, sai ɗakuna da ƙofofi da hanyoyi? Amsar tana da muhimmanci domin ta shafi iyakar kalmar matani, ta kuma shafi wanda ya cancanci a kira shi mawallafi.

2.0 Ra'in Bincike

Genette (1982) ya bambanta matani na ƙasa, wato na asali, da matani na sama wanda aka gina a kansa, ya kamanta su da fatar rubutu da aka kankare aka sake rubutu a kai, amma tsohon rubutun bai gushe ba gaba ɗaya. Hutcheon (2006) ta nuna cewa daɗin baddala yana cikin haɗuwar maimaici da sauyi: mai sauraro ya gane tsohon abu, ya kuma ci karo da sabo. Jenkins (1992) ya kalli masu sha'awa a matsayin masu samar da aiki, saɓanin kallon da aka saba yi musu na 'yan kallo kawai. Shi kuwa Aarseth (1997) ya yi magana a kan matanin da ba ya karantuwa sai mai karatu ya yi aikin ratsa shi da zaɓinsa. Waɗannan ra'ayoyi huɗu su ne ma'aunin wannan nazari.

3.0 Tsarin Wasan Laluben Hanya

Wasan laluben hanya shi ne wanda ake jefa ɗan wasa cikin duniya guda mai haɗe da juna, amma yawancin sassanta a kulle, sai ya samo wani kayan aiki kafin ya wuce. A Super Metroid, jarumar wasan, Samus Aran, tana sauka a duniyar Zebes mai yankuna shida: Crateria da Brinstar da Norfair da Wrecked Ship da Maridia da Tourian. Jar ƙofa ba ta buɗewa sai an harba mata roka. Ƙananan ramuka ba sa shiguwa sai an sami dabarar dunƙulewa kamar ƙwallo. Zafin wasu ɗakunan Norfair yana cin ran jarumar sai ta sa sulken Varia, haka kuma ruwan Maridia yana nauyaya mata motsi sai ta sami sulken Gravity. Jimillar kayan da ake tsinta a wasan 100 ne.

Abin lura a nan shi ne, bayan ɗan jawabin buɗewa, wasan kusan ba ya magana. Ɗan wasa yana ganin ƙofar da ta gagare shi, ya riƙe ta a rai, ya yi gaba, sai bayan wani lokaci ya sami mabuɗinta ya dawo. Ke nan jerin kulle da buɗewa shi ne zubi da tsarin aikin, shi ke haifar da zumuɗi da fargaba da samun sa'ida. To amma wannan tsari yana da rauni guda. Wanda ya kammala wasan ya riga ya haddace hanya, kuma wanda ya san hanya ba ya lalube. Daga wannan rauni ne kwaskwarima ta samo tushe.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Kwaskwarimar

Bayanan wasa suna cikin kaset ɗin da ake cusa wa na'ura. Ana kwafo su zuwa kwamfuta a matsayin fayil guda da ake kira ROM. Na Super Metroid bai wuce megabayit uku ba. Ana kunna shi da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. Masu sha'awa sun bi wannan fayil sun gano inda aka ajiye siffar kowane ɗaki da abokan gaba da kaya, sannan suka ƙera manhajojin gyara irin su SMILE, wadda ke bai wa mutum damar zana ɗaki da hannunsa.

Idan aiki ya kammala, al'adar ita ce kada a rarraba wasan dungurungum. Abin da ake rarrabawa shi ne faci, wato ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da bambancin da ke tsakanin asali da gyararre kawai. Tsohon tsarin faci mai suna IPS jerin umarni ne: a wuri kaza, a cire lambobi kaza a sa kaza. Tsarin BPS da ya zo daga baya yana fara tantance cewa asalin da za a liƙa wa facin shi ne daidai. Saboda haka faci shi kaɗai ba ya kunnuwa, dole sai an haɗa shi da uwarsa.

5.0 Nau'o'in Kwaskwarima

5.1 Sake Gina Taswira

A wannan nau'i ana riƙe jarumi da kayan aiki, a rushe duniyar a gina wata. Super Metroid Redesign, wanda wani mai laƙabin Drewseph ya fitar a 2006, ya faɗaɗa Zebes ƙwarai, ya kuma sauya nauyin tsalle da faɗuwa, ta yadda hannun da ya saba da asali sai ya sake koyo. Sunayen yankunan suna nan, amma hanyoyin sun zama baƙi. A ɓangaren Zelda akwai Parallel Worlds, wanda ya yi suna wajen tsanani, har wani ya sake yi masa kwaskwarima da sunan Parallel Remodel domin sassauta shi. Wannan ya nuna cewa matani na sama shi ma yana iya komawa na ƙasa ga wani.

Tsananin da aka san waɗannan ayyuka da shi yana da dalili. An yi su ne domin waɗanda suka ƙware a asali, shi ya sa dabarun da asali ya bar wa gwanaye a matsayin zaɓi, kamar tsalle daga bango zuwa bango, sukan zama tilas a cikinsu. Mai kwaskwarima yana magana ne da mai karatun da ya haddace littafin farko.

5.2 Yamutsa Kaya

A nan ba a taɓa taswira, kayan ne ake yamutsawa. Manhajar yamutsi ta A Link to the Past tana rarraba kaya a wurare 216 bisa wata lamba da take zaɓa, kowace lamba da nata rabon. A wasan asali, Sarkin Zora yana sayar da takalmin iyo a kan kuɗin wasan 500. A yamutsattsen wasa, yana iya karɓar kuɗin ya miƙo kibiya ɗaya tak, ko kuwa takobin da ake nema ruwa a jallo. Manhajar tana bin ƙa'ida guda: ba ta kulle mabuɗi a bayan ƙofarsa, don haka ba za ta ajiye takalmin iyo a inda ba a isa sai da iyo ba. Rubuta wannan ƙa'ida ya tilasta wa masu manhajar su tantance sharaɗin shiga kowane lungu, wanda shi kansa aikin tarke ne. Akwai ma manhajar da ke haɗe wasannin biyu wuri guda, a tsinci kayan Samus a duniyar Zelda.

5.3 Sake Ƙira Daga Tushe

AM2R, wanda Milton Guasti ɗan ƙasar Ajantina ya shafe kimanin shekara goma yana haɗawa, sabuwar ƙira ce ta Metroid II na 1991. Ya fito a watan Agusta na 2016, lokacin cikar jerin Metroid shekara 30. Shi cikakken wasa ne mai zaman kansa, ba ya buƙatar asali. Cikin 'yan kwanaki Nintendo ya aika takardun neman a sauke shi, Guasti ya dakatar da aikin, sannan a 2017 kamfanin ya fitar da tasa sabuwar ƙirar mai suna Metroid: Samus Returns.

6.0 Faci da Tahmisi

A tahmisi, sha'iri yana ɗaukar baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora ɗango uku a kansa ya zama ƙwar biyar, yana bin karin mai asali da amsa-amonsa. Sanannen misali shi ne Tabban Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Kwatancin da ake yi a nan na siga ne kawai, bai shafi jigo ko daraja ba.

Kamannin sun fito ta fuska uku. Na farko, asali yana nan a cikin sabon aiki, ba a ɓoye shi ba. Na biyu, mai ƙari yana aiki cikin ƙaidin da wani ya gindaya: kari da amsa-amo ga sha'iri, ƙarfin na'ura da dokokin motsi ga mai kwaskwarima. Na uku, ƙarin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Ɗango ukun da aka raba da biyun asali tamkar faci ne da ba a liƙa ba. Wannan ya bambanta da hanyar Imam, inda aron ke narkewa har mai karatu bai buƙatar sanin tushe. AM2R kuwa ya tsaya a tsakani, yana kiran sunan asali amma yana iya maye gurbinsa.

Inda suka rabu shi ne matsayin izini. Tahmisi girmamawa ce da al'ada ta amince da ita, kwaskwarima kuwa tana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. A shari'ar Galoob da Nintendo ta 1992, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce na'urar Game Genie, mai sauya wasa na ɗan lokaci, ba ta samar da sabon aikin da ya tsiro daga na asali ba. Amma a shari'ar Micro Star da FormGen ta 1998, kotun ta ce taswirorin da 'yan wasa suka zana wa Duke Nukem 3D, waɗanda wani kamfani ya tara guda 300 yana sayarwa, ci gaban labarin jarumin ne, don haka sun shiga haƙƙin mai asali. Ga manazarcin adabi, hukuncin na biyu ya tabbatar da cewa taswira tana ba da labari.

7.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya gano abubuwa uku. Na ɗaya, matanin wasan laluben hanya yana cikin taswira da jerin buɗewarta, shi ya sa nan ne kwaskwarima ta fi taɓawa. Na biyu, kowane nau'i yana dawo da rashin sani ta hanyarsa: wani ya sauya wuri, wani ya sauya abin da ke wurin. Na uku, waɗannan ayyuka suna cikin haɗarin salwanta, domin ba su da ma'ajiya ta hukuma. A watan Agusta na 2024, babbar taskarsu ta intanet, Romhacking.net, ta daina karɓar sababbin ayyuka, aka miƙa abin da ta tara ga Internet Archive. Asalin wasannin ma ba su tsira ba: binciken da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Facin da uwarsa ta ɓace ya zama marar amfani.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa baddala ba ta taƙaita ga labarin da ake faɗa da kalmomi ba, tana shiga har cikin tsarin wuri, kuma kalmar tahmisi da fagen Hausa ya gada tana bayyana dangantakar faci da asali fiye da kalmar kwaikwayo. Akwai kuma ƙofar bincike ga masana fassara. Dabarar facin nan ita ce masu sha'awa suka bi suka mayar da Final Fantasy V da Mother 3 daga Japananci zuwa Ingilishi. A irin waɗannan wasanni haruffa ƙananan zane ne da ke cikin wani jadawali, kuma akwatin magana yana da iyakar abin da yake ɗauka. Duk mai son sanya Hausa a ciki sai ya zana ɓ da ɗ da ƙ da kansa, ya kuma nemi gajeriyar jimlar da za ta shiga akwatin ba tare da ma'ana ta zube ba. Ana ba da shawarar ɗaliban fassara da na ilimin kwamfuta su haɗa hannu a kan wannan, suna farawa da wasannin da masu su suka sake wa jama'a haƙƙinsu.