Idan Barci Ya Ƙaurace wa Dattijo

Da yawa daga cikinmu, da zarar Baba ko Inna sun ce ba sa samun barci, sai a aiki yaro kemis ya sayo Valium ko Piriton. Don Allah a daina. Jikin tsoho yana daɗewa bai fitar da waɗannan ƙwayoyi ba, sai ya wayi gari da jiri da ruɗewa. Ya tashi alwalar asuba, ya zame, ƙugu ya karye, kuma irin wannan karaya na iya kwantar da dattijo har ƙarshen rayuwarsa. Wanda kuwa ya riga ya saba da Valium, kada ya yanke shi lokaci guda. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Idan rashin barcin ya kai dare 3 a mako har wata 3, a je asibiti a binciki sanadi: ciwon gwiwa, yawan fitsarin dare saboda ciwon suga ko kumburin mafitsara, minshari mai yanke numfashi, ko damuwar da ya kasa faɗa wa 'ya'yansa.

Tun 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ce a fara da gyaran ɗabi'ar barci kafin magani. A riƙa tashi lokaci ɗaya kullum. Kada a hau gado sai barci ya zo. In an yi kamar minti 20 ido biyu, a sauko a zauna da carbi cikin haske kaɗan, sai gyangyaɗi ya dawo. A taƙaita ƙailula, a bar goro da shayi daga la'asar. Makonnin farko da wuya, shi ya sa ake son wani a gida ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa.