Ko Ya Dace A Ba Kare Fatar Kifi?

Garin Minna ba ya rabuwa da kifi. Ana kawo shi, ɗanye da banda, daga tafkin Shiroro da ke kan kogin Kaduna, da kuma tafkin Kainji wanda aka tare ruwansa a shekarar 1968. Don haka mafarauta da masu karnukan gadi sukan jefa wa dabbobinsu fata da sauran tarkacen da aka rage bayan gyaran kifi. Shin wannan al'ada tana da lahani?

Fatar kifi ita kanta ba ta cutar da kare. Tana gina jiki, man da ke cikinta kuma yana gyara gashi. Haɗarin yana cikin abin da ke biyo ta.

Babba daga ciki shi ne ƙaya. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙayoyi masu tsini a gefen kai, ga shi kuwa kare haɗiya yake yi, bai damu da tauna ba. Ƙaya guda tana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ta huda hanji. Lalle ne a laluba fatar da yatsa a zare kowace ƙaya, idan ta karfasa ce kuma a kankare ɓawonta.

Kada a ba shi ɗanya, domin ɗanyen kifi yakan ɗauki tsutsotsi da ƙwayoyin cuta. A dafa ta cikin ruwa zalla har ta nuna. Wadda aka tsamo daga miya ba ta dace ba, saboda gishiri da barkono, balle albasa da tafarnuwa waɗanda ke lalata jinin kare sannu a hankali.

Banda ma tana bukatar lura. Wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah sukan fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya daɗe, a kan fata kuwa maganin yake zama. Duk kifin da ke warin magani a binne shi, bai dace da mutum ko dabba ba.

Fata lasa ce kawai, kada ta wuce kashi 1 cikin 10 na abincinsa na yini, don yawan maiƙo yana kawo zawo. Idan mai kare ya ga yana ƙaƙarin amai, ko yana dalalar da miyau, ko yana karta baki da ƙafa, sai ya hanzarta kai shi asibitin dabbobi mafi kusa.