Amsar Tambaya: Horar da Kunne ga Bugun Morse

Zuwa ga ɗan'uwa mai tambaya daga Jangeru.

Ka ce ka haddace alamomin Morse a takarda, amma in manhajar wayarka ta fara ƙara sai su kuɓuce maka. Illar, a ganina, daga takardar take, domin wannan ilimi, wanda ma'aikatan tangaraho suka riƙe a zamanin da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, na kunne ne, kamar yadda mai tilawa ke karɓar karatu daga bakin malaminsa kafin ya dogara da allo.

Saboda haka ka nemi manhaja mai bin tsarin Ludwig Koch, Bajamushe, ka fara da haruffa biyu kacal, K da M, cikin saurin kalma 20 a minti, kada ka ƙara na uku sai ka dace da tara cikin goma. Kwata ɗaya bayan sallar asuba, da abin sawa a kunne, ya wadatar.

Amma aika saƙo ta iska sai da lasisin hukuma, mai ba da lambar kira da ke farawa da 5N. A halin tsaron yankinku, kada ka kuskura ka kunna na'urar aikawa ba tare da shi ba.