Tantabara da Mutum Tsakanin Zaɓi Biyu

A shekarar 1961 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Richard Herrnstein, ya sa tantabaru cikin akwati mai maɓalli biyu. Kowanne in ana saransa yakan ba da tsaba jefi-jefi, ba a san lokacin ba, amma ɗaya ya fi bayarwa. Da mu aka tambaya, da mun ce tsuntsun zai tare wajen mai yawan kaɗai. Ashe raba saransa yake yi gwargwadon tsabar: in kashi uku cikin huɗu daga dama take fitowa, kusan haka na saransa can za shi.

A 1974 Conger da Killeen suka jarraba mutane cikin hira. Aka shirya abokan zama biyu suna cewa "haka ne", ɗaya ya fi ɗaya yawan faɗi, sai masu magana suka riƙa fuskantar kowanne gwargwadon amincewarsa. Mu ma a aji, wane yaro muka fi duba, in ba mai gyaɗa kai ba?

Amma fa mutum yakan kauce wa wannan ma'auni. Horne da Lowe sun nuna a 1993 cewa da yawa sukan ƙaga wa kansu doka, su bi ta, ko da ta saɓa wa rabon ladan.