Amsoshin Tambayoyinku: Shin Shan Taba Gado Ne?

TAMBAYA: Maigidana ya daɗe yana shan taba sigari, babban ɗanmu ma ya kama. Yanzu kuma ina jin warinta a rigar ƙanensa mai shekara 14. Surukata ta ce in haƙura, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da gaske a jini take? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki yanke wa yaron hukunci da warin riga kaɗai. Gidan da mutum biyu ke busawa, labule da matashin kai ma sai sun ɗauka. Ki keɓe da shi ki tambaye shi a hankali, ba a gaban ƙannensa ba.

Maganar surukarki da ƙamshin gaskiya, amma kaɗan. Halittar jiki kan sa sinadarin nikotin ya fi saurin kama wani a kan wani, sai dai ba wanda ake haifa da sha'awar karan farko. Wannan koyo ne, kuma sau da yawa a gida ake koyonsa. A 2011 masana a Jami'ar Notinham ta Ingila sun tattara bincike 58, suka gano cewa idan ɗaya daga cikin iyaye yana sha, haɗarin yaro ya fara yakan ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Idan kuwa wansa ko yayarsa ce ke sha, haɗarin ya haura ninki biyu. Shi ya sa ni wan nasa ya fi tsaya mini a rai. Uba ana jin nauyinsa, amma wa ɗakinsu ɗaya, shi ake kwaikwayo har a tafiya da sa hula, kuma a aljihunsa kwalin yake kwana.

Sai aike. "Karɓi nan, je wurin mai tebur ka sayo mini kara biyu, ka haɗo da ashana." Yaron da ya saba da wannan ya san kuɗinta, ya san sunanta, mai tebur ya san shi, ranar da zai saya wa kansa ba mai ɗaga ido. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma haramta sayarwa kara-kara, amma kowa ya san abin da ke gudana a bakin layi. Gida ne zai rufe wannan ƙofa. Guntun da aka yar a zaure ma a share shi, domin yara da yawa da shi suke gwada zuƙar farko.

Da maigida kuwa, ki nemi lokacin da ransa yake fari, ban da gori. Mafi yawan masu sha ba sa so 'ya'yansu su sha, ta nan za ki shiga. Wani bincike a jihar Washinton ta Amurka da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa inda iyaye biyu suka riga suka daina lokacin da yaro yake ɗan shekara 8 ko 9, haɗarin ya ragu da kashi 39 cikin 100. Naku ya wuce waɗannan shekaru, amma ganin uba yana fama da barin taba darasi ne da wa'azi bai kai shi ba. Idan bai iya dainawa yanzu ba, to ya daina sha a cikin gida, ya daina aiken yara, ya kuma faɗa wa yaron da bakinsa cewa da ya sani da bai fara ba. Babban ma a zauna da shi, a ɗora masa amanar ƙanensa.

Kada ki bari sai gobe. Kusan 9 cikin 10 na manyan da ke sha a Amurka sun fara ne ba su wuce shekara 18 ba, ɗanki kuwa yana tsakiyar waɗannan shekaru. Idan ya amsa miki ya fara, ki riƙe fushinki, ki kai shi wurin likita. Allah ya shirya mana zuri'a.