Littafi Ma Malami Ne

Da aka rufe makarantarmu saboda 'yan bindiga, na koma gida Sabon Birni, ga jarrabawar WAEC ta matso. Yayana da ke Isa ya ba ni aron littafin fiziks na Abbott da na lissafi na Backhouse. Kullum bayan Asuba nakan karanta misali ɗaya, in rufe littafin, in warware shi da kaina, sa'an nan in duba amsa.

Ga wani abu da na koya. Saki dutse cikin rijiya, ƙidaya daƙiƙoƙin faɗuwarsa, ninka su da kansu, sa'an nan da 5. Zurfin ke nan a mita. A rijiyarmu daƙiƙa 2 ne, watau kusan mita 20.

'Yan'uwa ɗalibai, kada mu zauna jiran malami. Iyaye kuma, don Allah a taimake mu da littattafai da fitila.